Jakar Farautar Karibu

Abin da ya fara damuna a Greensboro itatuwa ne. Na san in mutanen garinmu suka ji haka dariya za su yi, don a arewacin Dakoro inda aka haife ni, mutum kan yi doguwar tafiya kafin ya samu inuwar da zai huta. Amma a can ido yana da wurin zuwa. In ka tsaya bayan gari kana hango raƙumi tun yana ɗan ɗigo, ka shiga gida ka sha fura ka fito, bai iso ba tukuna. A nan kuwa duk inda ka juya itace ne ya tare ka, in ba itace ba bango, in ba bango ba allon talla. Ban taɓa ganin inda rana take faɗuwa ba, sai dai in ga ta shige bayan rufin wani.

Aikina a wani ƙaton sito ne a gefen titin Wendover, gini marar taga ko ɗaya. Daga asuba har yamma ina tuƙa ƴar motar ɗaga kaya a tsakanin layukan kwali da suka fi soro tsawo. Kwana kuma a unguwar Glenwood nake yi, a ɗakin baya na gidan wani Alhaji ɗan ƙasarmu. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka, ya ba ni katifa, ya nemo mini aikin, bai taɓa yi mini gori ba. Matarsa Hajiya tana fama da ciwon ƙoda. Sau uku a mako Alhaji yake kai ta asibiti da safe a haɗa ta da injin wankin jini, ya jira, ya maido ta a galabaice, sannan da yamma ya fita tuƙin tasi. Ƴarsu ɗaya ce, tana aure a wata jiha mai nisa. Ni kuwa daga sito sai ɗaki, daga ɗaki sai masallaci, gari ya waye in sake daga farko.

A wurin aikin akwai wani Bature mai jan gemu da muke cin abincin rana tare a kan kwalaye. Mutum ne mai surutun farauta, har nakan gaji. Wata rana ya ciro hoto daga aljihunsa ya miƙo mini. Ya ce dabbar da ke ciki sunanta karibu, wata irin barewa ce ta ƙasar sanyi, babba, mai ƙahonni masu rassa, tana tafiya garke-garke a can ƙarshen arewacin Kanada. Yana ta nuna mini ƙahon da yatsa, ni kuwa ko kallon dabbar ban yi ba. Bayanta nake kallo. Fili ne shimfiɗe, ja-ja, babu itace ko guda, ya tafi har ya haɗe da sama. Sai na ajiye lomar da ke hannuna.

Na ce masa, “Wannan ai garinmu ne.”

Ya yi dariya, ya ce garinmu da ƙanƙara? Na ce ban da ƙanƙarar. Ya bar mini hoton. Bayan ƴan makonni ya same ni ya ce shi da ƴan’uwansa za su tafi a watan Satumba, kuma mutum ɗaya ya janye, akwai gurbi a ɗan jirgin da zai sauke su a daji. In ina so, nawa ne. Ban taɓa harba bindiga ba, iyakar farautata zomo ne da sanda da kare lokacin ƙuruciya. Amma kafin ya rufe baki na ce ina so.

Mu a wurinmu ba a faɗin tafiya. Tun muna yara aka hore mu da haka. Tafiya sai ƙafa ta kusa barin ƙofa ake ambatonta, saboda baki, saboda masu saƙo, saboda kuma in Allah bai yi ba kada ka zama abin nuni. Lokacin da zan zo Amurka, maƙwabtanmu sun ɗauka Yamai na tafi neman magani, sai da na yi wata a nan suka ji. Don haka ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa in gaya wa Alhaji. Na ce in lokaci ya matso, in zauna gabansa da ladabi in nemi addu’a, shi ke nan.

Na shiga shiri a ɓoye. Baturen ya ce takalmi ne farko, kuma kada in kuskura in tafi da shi sabo, zai cinye mini ƙafa. Na sayi wasu manyan takalma masu nauyin turmi, na riƙa sa su a sito duk yini, ƴan’uwanmu suna tambayata ko soja na shiga. Na sayi rigar sanyi mai kauri a tsakiyar zafin Yuli, yarinyar da ke karɓar kuɗi a kantin tana dubana tana duban rigar. Na sayi wata doguwar jaka koriya mai ƙarfi, mai aljihuna a gefe, na tura ta ƙarƙashin gado. Akwai ɗakin sanyi a siton inda ake ajiye kayan da ba sa son zafi, to lokacin hutun rana sai in shiga in zauna har haƙorana su fara kaɗawa, wai ina koya wa jikina.

Baturen ya kuma ce a can ba mota, in ka kashe dabba a bayanka za ka ɗauko naman, ƙasar kuma tana lotsawa ƙarƙashin ƙafa. Sai in yi ta tafiya da kaya. Da yamma in Alhaji ya fita da tasi, nakan saci jiki in shiga kicin, in ɗauki buhun shinkafar Hajiya in cusa a jakar, in goya, in yi ta zagaya layukan Glenwood. Ɗalibai a kan kekuna suna waiwayena, karnuka suna haushi ta bayan shinge, gumi yana shiga mini ido. Kafin magariba in maido buhun inda yake, in gyara masa zama yadda na same shi. Ina ganin na iya wayo.

Ran Asabar kuma mukan fita bayan gari gonar ƙanen Baturen, ya ara mini bindigarsa in harbi gwangwani. Harbin farko sai da kafaɗata ta yi mako tana ciwo. Na koya wa kaina yin bismilla kafin in ja kunama, har ya zame mini jiki, shi kuma ya saba, yakan tsaya ya jira ni in gama. Na wasa wuƙa ta musamman don in na tarar da dabbar da sauran rai in yanka ta yadda ya kamata. Ko a gonar nan itatuwa sun kewaye mu ta ko’ina, amma ban damu ba, don na san inda za ni.

Abu ɗaya ne ya fita daga bakina. Da aka amince mini da hutu a wurin aiki, murna ta yi mini yawa. Muna cin tuwo da Alhaji sai na ce, “Alhaji, bana dai na samu konje. Satumba, daga farkon wata.”

Ya ɗago kai ya dube ni. “Satumba? Sun tabbatar maka?”

“Sun tabbatar.”

“Madalla. Allah shi kai mu.”

Bai tambaye ni me zan yi da hutun ba, ni ma ban faɗa ba. Na ji daɗin da bai tambaya ba.

Yanzu in na tuna, alamu sun cika gidan. Alhaji ya fara shigowa da ledoji yana wucewa da su ɗaki kai tsaye: agoguna, turare, tocila, ƴan rigunan yara alhali ba yaro a gidan. Wata rana na ga keken marasa lafiya sabo a naɗe bayan kujerar falo. Na ce a raina jikin Hajiya ne ya ƙara rauni, Allah sarki, na kawar da kai. Shi ma ya taɓa cin karo da ni a baranda riƙe da rigar sanyin nan ana tsananin zafi, ya ce, “Lalle kana shirin hunturu da wuri,” ya wuce. Kowannenmu ya ga kayan ɗan’uwansa, kowannenmu ya yi abin da aka koya masa, ya yi shiru.

Da saura kamar mako guda, ran Lahadi bayan azahar, na yanke shawarar lokaci ya yi. Na sa riga mai kyau, na same shi a falo, na zauna a ƙasa kan kafet. Hajiya tana kishingiɗe a kujera da bargo a ƙafa. Na gaishe su, na ce, “Alhaji, wata ƴar magana ce ke tafe da ni.”

Ya ce, “Ikon Allah. Ni ma yanzu nake shirin kiranka. Bari in fara tawa, taka ta biyo.”

Babba ya ce zai fara, me zan ce? Na ce to.

Ya ce gida za shi. Tsohuwarsa ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, ƙafa ta daina ɗaukarta, keken nan nata ne. Rabonsa da ita ya fi shekara goma. Tun da ciwon Hajiya ya tsananta ya rasa yadda zai yi ya motsa, don ba wanda zai bar wa kai ta asibiti. Kowa a cikinmu yana aikin safe, ƴarsu kuma tana da jariri.

“Ran da ka ce mini ka samu konje a Satumba,” in ji shi, “wallahi daren nan ban yi kwana ba don murna. Wanshekare na tafi na yanki biye, tikitin jirgi. Na daidaita shi da hutunka cif. Ban faɗa maka ba, ka san tafiya ba a yi mata gaggawar baki.” Ya share ido da bakin hannun riga. “Ba ni da wanda zan bar ma gidana sai kai. Ga Hajiya nan, amana.”

Ina jin takardar hoton a aljihun ƙirjina. Na duba ta ko’ina ban ga ƙofa ba. In ce masa ya fasa ganin uwarsa don zan je in harbi barewa? In ce ya nemi wani, bayan mutumin nan ya ciyar da ni shekaru bai taɓa neman ko kofin ruwa a hannuna ba? Da wata biyu baya na buɗe baki, da ya ɗaga tafiyarsa zuwa Oktoba, ko mu raba hutun, da kowa ya samu nasa. Yanzu tikiti ya yanku, an gaya wa tsohuwa ɗanta na tafe.

“To, mi ce taka maganar?” in ji shi.

Na ce, “A’a, ba wani abu ba ne. Dama cewa zan yi in da wani aiki a gida da zan kama lokacin hutun.”

“Ka gani! Allah shi yi maka albarka.” Har na yunƙura zan tashi sai ya ce, “Af, na ga wata koriyar jaka a ɗakinka ran da na shiga gyaran fitila. Valis ɗina, akwatunan tafiyar, sun cika. In ba ka da abin yi da ita, ara mini in zuba tsaraba.”

Da hannuna na je na jawo ta daga ƙarƙashin gado, na zazzage safa da wuƙa da hular sanyi a kan katifa, na kai masa. Har na taya shi danna kaya a ciki ina jan zif.

Haushi na ji, ba zan ɓoye ba, haushi mai zafi wanda ba shi da wanda za a sauke wa. Alhaji bai yi laifi ba. Ni ma a ganina ban yi ba, abin da aka koya mini na bi. Washegari na gaya wa Baturen. Ya ajiye burodinsa ya ce, “Kuna gida ɗaya, kuna cin abinci kwano ɗaya, kuma ba wanda ya gaya wa wani zai yi tafiya?” Na ce haka muke yi. Ya ce saboda me? Na fara yi masa bayanin baki, na ji maganar tana yi mini nauyi a Turanci, na bari. Ransa ya ɓaci, don lokaci ya ƙure da zai samu wani. Kwana biyu bai zauna kusa da ni ba.

Na kai Alhaji filin jirgi. Ina tsaye ina kallon jakata tana tafiya a kan bel ɗin kaya har ta shige bayan labulen roba.

Ranar da mafarautan suka kama hanyar arewa ta zo daidai da ranar asibiti. Na sa manyan takalman nan, ban san dalili ba, wataƙila taurin kai ne. Na taimaka wa Hajiya ta shiga mota. Muka hau Wendover muka tarar da cunkoso, ana gyaran hanya, motoci sun tsaya cak, hagu kantuna, dama kantuna, gaba bayan wata babbar mota. Ina riƙe da sitiyari ina cije leɓe.

Hajiya ta dubi ƙafafuna ta ce, “Yau ne tafiyar, ko?”

Na juyo da sauri. “Wace tafiya, Hajiya?”

“Haba ɗana. Shinkafata tana fita yawo kullum da marece, ta komo tana warin gumi. Ka ɗauka ban gani ba? Ni da ba ni zuwa ko’ina, mi gare ni in ba kallo ba?”

Kunya ta kama ni, sai kuma haushin ya taso ya danne ta. Na ce, “To Hajiya, kin san tawa, kin san ta Alhaji. Me ya hana ki yi magana?”

Ta dubi motar gabanmu da ta ɗan matsa. Sannan ta ce, “Na so in yi. Sau nawa ina buɗe baki. Amma tafiyar da mai ita bai faɗa ba, ni ce zan faɗa? In wani abu ya same ka a hanya, a ce bakina ne? Kuma ban san ranarka ba, na yi ta roƙon Allah kada su haɗu.” Ta gyara mayafinta. “Ran Lahadin nan da ka ce aikin gida kake nema, na so ƙasa ta buɗe in shige. Saboda ni ne, na sani.”

Na ce ba saboda ita ba ne. Ta ce in bar wannan, ita ba yarinya ba ce. Sai ta tambaye ni wai ina ne ma za ni da kayan sanyi haka. Na ciro hoton na miƙa mata. Ta nisanta shi da idonta, ta kusanto da shi. Ita ma ba ta kula dabbar ba.

“Wannan ai hanyar rijiyarmu ce,” in ji ta a hankali. “In ka cire abin nan mai ƙaho. Nan wajen, ka gani, nan muke bi da jakuna.”

Ta ce lokotoro, wato likitanta, ya gaya mata tun tuni, ita da gida sai dai a labari, don garinsu babu injin, kuma ba ta iya kwana huɗu ba tare da shi ba. Ta faɗe shi ba kuka, kamar mai faɗin farashin albasa. Ni na yi wata da watanni ina jin ni kaɗai ne aka rufe a garin nan, ga mace a gefena wadda ko jaka ba ta da dalilin saya. Haushina bai tafi ba, sai dai ya rasa wurin tsayawa.

Da muka isa asibiti ta ce, “Ara mini shi in shiga da shi. Silin ɗin nan na gaji da kallonsa.” Na bar mata. Na zauna a mota a filin ajiye motoci, takalman suna matse mini ƙafa, ina kallon jerin itatuwan da suka tare bayan ginin har ta fito.

Ban je farautar ba, a shekarar ko a wata. Kafin Satumba ta zagayo an rage ma’aikata a sito, Baturen ya koma wata jiha, muka rabu. Alhaji kuwa ya samu tsohuwarsa da rai, ta shafa fuskarsa ta gane shi, ya tura ta a keken har bakin kasuwa. Ya dawo ya yi baƙi ya rame, yana ta dariya. Har yau bai san abin da aka sayi jakar dominsa ba, don ni ban faɗa ba, Hajiya ma ba ta faɗa ba.

Da ya maido mini ita, ta koɗe, zif ɗaya ya lalace. Na fita da ita baranda zan kakkaɓe, bugu ɗaya na ga jan rairayi yana zubowa daga aljihun gefe. Hajiya ta ɗaga murya daga falo, irin yadda ban taɓa jin ta yi ba.

“Kai! Kada ka zubar a waje. Kawo ta nan.”

Ta sa na ɗauko tiren shayi. Na juye jakar a kai, ina bubbuga ɗinkin a hankali, aljihu bayan aljihu. Abin da ya taru bai cika tafin hannu ba. Ta baza shi da yatsa ya yi fili a kan tiren, ta jingina hoton a bakinsa, muka zauna muna kallo har aka kira la’asar.